Mahaƙin da Damina Ta Cinye wa Fansho

Duk ranar da na dawo daga karɓar fansho, sai yaran nan masu injin tona burtsatse da ke zama kusa da ƙofar gidana a Boɗinga su tare ni da tsiya. "Baba Labbo, wai har yanzu kuɗin tonon rami gwamnati ka biyan ka? Mu da ka huda ƙasa mu hiddo ruwa kahin a gama dahwa tuwo, wa za shi ba mu?" Nakan yi dariya in wuce, don ba su san abin da suke faɗa ba. A ganinsu haƙar rijiya ƙarfin damtse ne kawai, ka samu diga ka yi ta sara har ruwa ya fito. To ku zauna ku ji. Mutumin da ya koya mini wannan aiki ya fi ni sani, ya fi ni daɗewa a cikinsa, ya fi ni yawan rijiyoyi, amma ya koma ga Allah bai taɓa riƙe ko sisin fansho ba. Kuma ba wanda zan nuna in ce shi ya cuce shi. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai har yau.

Rijiyar farko da na yi aiki a kanta tana wani ƙauye ne a ƙasar Shagari, tun zamanin soja na farko. Na zo da aurena, na shiga leburancin sashen rijiyoyi, aka haɗa ni da Maigida Arzika. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mutumin wani ƙauye kusa da Kajiji, ba ya son yawan magana in ba a kan ƙasa ba. Na ɗauka ranar zai miƙa mini dagi in sauka. Sai ya miƙa mini tsintsiya. Rani guda cur na yi ina share bakin rami ina jan guga, ban taka ciki ba. Da na yi ƙorafi sai ya ɗauki tsakuwa ƙarama kamar ƙwayar gujiya ya nuna mini. "Wagga in ta hwaɗo daga bisa, kan mutum taka hwasawa. Wanda bai iya tsare baki ba, ba ni ba shi ciki." Daga baya na gane cewa na sama shi ke riƙe da ran na ƙasa. Ba ka ajiye guduma kusa da baki, ba ka barin akuya ta matso, ba ka juya baya kana hira, kuma igiya kullum sai ka bi ta da hannu taƙi bayan taƙi kafin wani ya rataya a jikinta.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙarfe mai ƙafa uku da ake kafawa a kan rami, da kurar da igiya ke gudu a kanta, da guga, da diga mai gajeren ƙota don babu wurin ɗaga doguwa, da dagi, da guduma. Sai ƙarafan zubi, waɗanda ake haɗawa su kewaye ramin. Ka haƙa kamar tsayin mutum, ka haɗa ƙarfen, ka jera rodi, a zuba kankare a bayansa, a jira ya kama, sannan ka ci gaba. In ka yi gaggawa ka zarce ba ka zuba ba, rairayi ba ya sallama kafin ya rufto. Akwai sanda ɗaya da Maigida yake auna faɗi da ita, da zare mai dutse a baki da ake sakowa daga sama don kada ramin ya karkace. Rijiyar da ta karkace, guga zai yi ta gogar bango har ya cinye igiyar mutanen gari, su yi ta tsine wa wanda ya haƙa ta alhali bai sani ba. In rami ya yi zurfi kuma, da safe sai an sako fitila a guga. Ta mutu, ba mai shiga. Sai a ɗaure ganyen dogon yaro a yi ta jan sa sama da ƙasa har iska ta sauya.

Abin da ba ku taɓa ji ba shi ne yafiya. Kafin mahaƙi ya sa ƙafa a madaukin igiya, sai ya dubi mutanen da ke wurin ya ce a yafe masa, su ma su ce ya yafe musu. Dukanmu muna yi, amma Maigida Arzika ya kai abin inda ba mu kai ba. Ba ya sauka da kayan wani a hannunsa, ba ya sauka da nasa a hannun wani. Na ga ranar da ya riga ya rataya, ya tuna aska ce ta aro a aljihunsa, ya ce a jawo shi, ya taka har cikin gari ya mayar wa mai ita. Muna yi masa dariya a ɓoye. Shi kuwa yakan ce wanda ke kwana da ƙasa a saman kansa bai kamata ya bar lissafi a buɗe ba, don bai san da wace ƙafa zai fito ba.

Aikinmu na rani ne, kuma da dalili. Da damina ruwan ƙasa yakan hau, ka haƙa kaɗan ka same shi, mutanen gari su yi ta murna, bazara na zuwa rijiyar ta ƙafe ƙaf. Rijiyar gaskiya sai a tsakiyar bazara ake kai ta ƙarshe, lokacin da ruwa ya gudu iyakar gudunsa. Saboda haka da hadari ya fara haɗuwa sai a sallame mu daga yadi, wato harabar sashen rijiyoyi inda ake ajiye kayan aiki, kowa ya nufi gonarsa. In an gama girbi mu dawo a sake ɗaukar mu. Haka muka tarar ana yi. Ba wanda ya ga aibu a ciki, hasali ma daɗi muke ji, ga kuɗin rani ga hatsin damina.

Rijiyar da ta fi ba mu wuya a wajen Kajiji take, shekarar da mulki ya dawo hannun farar hula. Lokacin aiki ya yi yawa har ba mu san inda za mu sa kanmu ba. Duk ɗan siyasar da ya hau mota da lasifika, rijiya yake yi wa mutane alkawari, siminti kuwa tirela tirela ake saukewa. A wannan rijiya mun wuce jar ƙasa, mun wuce marmara, sai muka ci karo da dutse fari mai tauri wanda diga ke tsalle a kansa. Dagi da guduma kaɗai ke cin sa, shi ma ɗan ɓarɓashi. Ƙurar ba ta da hanyar fita, tana nan tare da kai a ramin. Mu matasa muna karɓa-karɓa, amma Maigida shi ya fi kowa daɗewa a ƙasa, don shi ya san inda jijiyar dutsen take. Yakan fito fari fat kamar an tsoma shi a gari, matan ƙauyen su kawo fura ya kasa sha sai ya gama tari. Mun samu ruwa, mai daɗi kuwa, har yau ana sha. Tarin nan kuma bai sake shi ba.

A ƙarshen wannan ranin ne helma, wato shugaban leburori, ya tara mu a rumfar yadi. Ya ce gwamnati ta buɗe ƙofa. Duk mahaƙin da ya yarda ya zauna a bakin aiki rani da damina ba yankewa, za a mayar da shi ma'aikacin dindindin. Albashi kowane wata, za a riƙa cire ɗan wani abu a ciki ana ajiye masa, in ya cika shekarun da doka ta ce ya tsufa, yana da fansho har ya mutu. Wanda ya tafi gona kuwa yana nan a matsayinsa na ɗan rani.

Maigida Arzika ya gyara zama ya ce, "Helma, da damana wane aiki za mu yi?"

"Kuna nan yadi. A shahe ƙarhuna da mai, a zuba 'yan kankare in da siminti."

"Wannan aikin kwana nawa na? Sauran watannin fa?"

Helma ya yi dariya. "Sauran ku zamna, Maigida. Ai kun gaji."

"In zamna a biya ni? Kuɗin mi ke nan? In Allah ya tambaye ni mi niy yi anka ba ni, in ce zama?" Ya girgiza kai. "Kuma a yanke gumin mutum a aje, a ce sai ya tsuhwa. Wa ab ba su labarin mahaƙi na tsuhwa? Ubana cikin rami yak ƙare, wanda yak koya min ma haka. In shiga ƙasa kullum da haƙƙina hannun wasu, da na wasu cikin cikina? A'a. Ku ba yara."

Helma ya yi ta lallashinsa, don yana ganin girmansa. Ya ce wannan ba sadaka ba ce, tsari ne. Maigida ya ce ya gode, amma gonar ubansa ba ta taɓa kwana ba shuka ba, ba kuma a kansa za ta fara ba. Da aka yi ruwan farko ya ɗaure dagi da tabarmarsa ya hau motar Kajiji.

Ni na zauna. Kada ku ce wayo ne ko hangen nesa. Mu goma sha ne a wurin ubanmu, gonar da ta zo hannuna ko akuya ba ta ƙoshi da karanta. Da ina da gona irin ta Maigida, da na bi shi, don ni ma maganarsa ta shige ni. Daminar nan mun yi ta ne a rumfa muna dara, mu shafa wa ƙarfe mai, mu sake gogewa, mu sake shafawa. Wata ranar kasuwa sai ga shi ya leƙo da ɗanyar gyaɗa a buhu ya zube mana. "Ma'aikatan gwamnati! Ƙaƙa gajiyaz zama?" Muka yi dariya, amma wallahi kunya ta kama ni har na kasa cin gyaɗar a gabansa.

Rani biyu da suka biyo baya mun yi su tare, sai dai yanzu yakan sauka ya duba ƙasa ya nuna mini inda zan sara, ya hau. Numfashinsa ba ya kai shi yini. Wata rana muna cin abinci a gindin wata tsamiya na ce, "Maigida, ƙohwag ga ba a ruhe ta ba tukuna. Ka ga ƙirjinka. Ka zamna damana guda, a sa ka cikin na dindindin." Ya suɗe hannunsa. Sannan ya ce ɗiyarsa ta dawo gida da marayu, bakin ci ya ƙaru, bana dai sai ya noma. In an yi girbi, baɗi zai duba maganar. Wannan ne karo na farko da bai ce a'a ba, na kuwa ji daɗi ƙwarai.

Baɗin ba ta zo da ƙofar a buɗe ba. Kuɗin ƙasa ya ja baya, aka shiga abin da suke kira tsuke bakin aljihu, aka ce an dakatar da ɗaukar kowa a dindindin. Siminti ya ɓace. Mu da muke ciki sai mu yi watanni ba albashi, sabulu da madara sai an yi layi. Ana cikin haka soja suka karɓe mulki, aka shiga rage ma'aikata. Sannan ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Daga Boɗinga har Shagari gonaki suka tsaya jajir, mutane suka fara sayar da awaki a kan kuɗin kaza. Bayan abin da aka kira kaka a shekarar, Maigida ya iso yadi da daginsa kamar yadda ya saba tun ban san aikin ba. Mai gadi ya gaishe shi da ladabi ya ce bana ba a ɗaukar 'yan rani, kuma ba a san ranar da za a sake ba.

Ni na matsa masa muka tafi ofis a birni. Na ce mutumin da ya ba gwamnati ƙuruciyarsa da ƙirjinsa ba zai rasa wani abu ba. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Akawun da muka samu saurayi ne mai hankali, ya ba shi kujera, ya saurare mu har muka gama. Sannan ya ce fansho na wanda aikinsa ya haɗu ne, shekara na bin shekara ba yankewa, ana cire masa ana ajiyewa, har ya cika adadin da aka yanka.

Na ce, "Ranka shi daɗe, tun kana goye mutumin ga ka haƙa ma gwamnati."

"Na sani. Amma kowace damana an sallame shi, kowace kaka an ɗauke shi sabo. Ga doka, bai taɓa cika shekara guda ba. Kuma ba a taɓa cire mai komi ba, balle a ce ga abin da za a maido mai."

Maigida ya ce, "Sabo? Ni?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Baba, ka yi haƙuri. Ni kaina ruwan rijiyakka nis sha har nig girma. Da abin hannuna yake, wallahi da ba ka tashi haka ba."

Maigida bai yi faɗa ba. Ya tambaya ko an riƙe masa wani haƙƙi na aikin da ya yi, aka ce a'a, duk ranar da ya yi an biya shi. Ya ce to ai shi ke nan, ba a ci masa komai ba. Ya yi wa yaron addu'a muka fito. A mota ina ta huci, shi yana kallon gonaki ta taga. Na so ya zagi wani ko don in samu abokin fushi, bai zagi kowa ba.

A bazarar da ta biyo baya rijiyoyi suka yi ta ƙafewa, mutanen ƙauyuka suka koma neman masu yasar rijiya da kansu, su biya da abin da suke da shi. Wani ƙauye a bayan Lambara ya aiko wa Maigida, don shi ya haƙa musu rijiyar tun da daɗewa. Maigida kuma ya aiko mini in zo in riƙe masa igiya. Na je ranar da ba aiki a yadi. Tun daga nesa na ga yadda ya zube, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na san gidansa an kai ga tafasa ganye a sa gishiri, don matarsa ta gaya wa tawa, amma shi bai taɓa furtawa ba. Sau biyu na kai masa abin da ya samu daga albashina, sau biyu ya mayar mini, ya ce in kai wa 'ya'yana.

Muka kafa ƙarfe, muka sako fitila ta dawo da wutarta. Ya tuɓe riga, ya juya ya ce wa mutane a yafe masa. Sai tarin ya taso. Ya dafa ƙafar ƙarfen yana yi, yana yi, har ya durƙusa. Hakimin ƙauyen, wanda sa'ansa ne, ya matso ya kama hannunsa.

"Arzika, ba ka shiga."

"Yanzu shika wucewa, ranka shi daɗe."

"Ba ka shiga. Rijiyag ga ɗai gare mu. In ka ƙare ciki, ina muka shan ruwa? Kuma mi za mu ce ma iyalinka? Ka yi muna taka, Allah shi saka. Bari yaronka shi sauka."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da tasa ta yi ba. Gwamnati ta ce bai yi aikin da zai huta ba, mutanen gari sun ce ya wuce yin aiki. Ya mayar da rigarsa a hankali. Na sauka, samarin ƙauyen suka riƙe igiya. Na ɗauka zai tsaya a baki yana ba ni umarni kamar da, amma ko hakan numfashi bai bar shi ba, an kai shi inuwa an zaunar. Na kwashe laka, na ƙara zurfi, wajen la'asar ruwa ya fara tsattsafowa ta gefen gabas. Ina jin guɗar mata daga sama, ni kuwa hawaye nake yi a ƙasa inda ba mai gani.

Ladan aikin dawa ce, gida gida aka tara, ta kusa rabin buhu. A shekarar nan wannan dukiya ce. Hakimi ya sa aka ajiye a gabana. Na ja buhun na kai gaban Maigida na ce, "Kai anka kira, ni rakiya niz zo." Na shirya jin abin da ya saba faɗa, har na tanadi amsa. Ya dubi buhun ya daɗe. Ya dubi hannuwansa, busassu, ko laka babu a jikinsu. Bai dube ni ba. Ya ce, "Allah shi yi ma albarka, Labbo," ya jawo bakin buhun ya ɗaure.

Daga ƙauyen zuwa bakin titin Lambara da ɗan tafiya, kuma rairayi ne. Na sunkuya zan ɗauki buhun, ya riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Aza min."

"Maigida, ƙirjinka."

"Aza min, Labbo. Ko wanga ɗai in yi."

Na aza masa. Ya yi gaba da rabin buhun dawa a ka, ya yi taku kaɗan ya tsaya ya yi tari, ya sake tafiya, bai sauke ba ko sau ɗaya. Ni da na yini a cikin rami ina biye da shi a baya, hannuna ba komai, har muka fito titi.